Hotunan Dutsen da Ban Hau Ba

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kwana tara ke nan Auta ba ta fito daga ɗakinta ba, in ba banɗaki za ta ba. Na ajiye mata faranti a bakin ƙofa da rana, na dawo na tarar an ci cokali uku ko huɗu. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina yi mata faɗan ta rage surutu, yau ga ni ina manna kunne a jikin ƙofa ko zan ji tarinta.

Wannan littafi na saye shi ne don rubuta awon masu kawo mini ɗinki. Tun da ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke raina, bari in faɗa masa. Babanta dai maganarsa ɗaya ce: "Ki bar ta ta huta." Mutumin nan ko rufin gida ne ya faɗo zai ce a sha shayi tukuna.

Abin da ya faru a asibitinsu ranar Talatar nan ba zan rubuta shi ba. Abin da zan rubuta shi ne an dakatar da ita daga aikin jinya, kuma kwamiti zai zauna nan da kwana goma sha takwas, ranar Alhamis. In ba ta je ta yi bayani da bakinta ba, za su yanke hukunci da abin da wasu suka rubuta, aikin da ta yi shekara biyar tana karatu dominsa ya tafi. Ranar da ta shigo da takardar dakatarwar, magana ɗaya ta yi kafin ta rufe ƙofa. Ta ce, "Mama, za su tambaye ni me na fara yi, me ya biyo baya. Wallahi komai ya cakuɗe mini, na kasa tunawa."

Ina jin tsoro. Na rubuta, na huta.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Maɓalli nake nema a saman kabad sai ga gwangwanin biskit. Na buɗe na ga hotuna, tamanin da huɗu cif, na tafiyar da muka yi bara zuwa babban gandun dajin nan na gwamnati. Auta ce ta kai mu a hutunta na farko, ni da babanta da yayanta. Ta ce za a yi tattaki daga ƙofar gandun har kan dutse. Na ce mata ni ba akuya ba ce, amma na bi.

Daga wayoyi uku aka wanko hotunan, mai shagon ya zubo su a leda ɗaya, duk sun haɗe. A ƙasan gwangwanin har da tikitin shiga da wani busasshen ganye da na tsinto. Babban littafin da Auta ta saya mai baƙaƙen shafuka, da gam, da farin biro, suna nan a ledarsu ko buɗewa ban yi ba. Ni na ce zan shirya shi, shekara guda ke nan ina cewa gobe.

Na kwaso komai na zube a teburin cin abinci. Daga kujerata ina ganin ƙofarta.

Talata, da azahar

Ba ta fito ba. Cokali biyar.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na liƙa shafi huɗu. Na kwaso guntayen yadi daga shago na yanka sirara na yi wa hotunan baki, ya fito da kyau har na ba kaina maki. Shafin farko ƙofar gandun da tikiti. Na biyu ma'aikacin da ya yi mana jagora, dogo, da sandarsa, yana gaya mana kada a ba birai abinci. Na uku biri a kan reshe riƙe da burodin babansu. Na rubuta a ƙasa: "Wanda ya ji gargaɗi da wanda ya ci burodi."

Na karanta da ƙarfi, na yi dariya da ƙarfi, fiye da yadda abin ya kai. Ƙofa ba ta ce komai ba.

Akwai hotuna biyar da na ware gefe, ba su da amfani. Biyu sun yi dishi-dishi, ɗaya yatsan babansu ne ya rufe rabi, ɗaya ƙasa ce kawai, ɗaya kuma wani gangare ne daga nesa, itatuwa da duwatsu, babu kowa a ciki. Na mayar da su gwangwani, in na tashi shara in zubar.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na iso inda sanina ya ƙare.

A ranar tattakin, bayan mun yi tafiyar awa ɗaya da rabi, gwiwoyina suka ce sun gama. Akwai wani faffaɗan dutse a ƙarƙashin bishiya, na zauna na ce su je, ni ina nan. Suka bar mini filas da jakunkuna. Awa huɗu na yi a wurin ina korar ƙudaje da hararar birai. Don haka duk abin da ke bayan wannan dutse, gadar katako, da ruwan da ke zubowa daga sama, da matsatsin da ake bi a kaikaice, da ƙololuwar, ni a hoto kawai na san su. Hotuna hamsin da wani abu, ban san wanne ne gaba ba.

Ni tela ce, ba na sa almakashi sai na gwada sau biyu. Na jera su a kan shafukan yadda na ga ya dace, ban liƙa ba. Zan tafi shago, wata mata na jiran rigarta tun shekaranjiya.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

An taɓa hotunan.

Jiya da na dawo da yamma na ga gadar ta koma gaban ruwan, ni kuwa bayansa na sa ta. Hotuna bakwai sun canja wuri, an kuma daidaita su tsaf, ba karkace kamar nawa ba. Na tambayi babanta ko shi ne.

"Ni? Ai ko kusa da teburin nan ban isa in je ba, tun da kin mayar da shi ofis. A tsaye na ci abinci jiya."

Na shiga kicin na tsaya gaban tukunya na yi kuka kaɗan, na farin ciki, sannan na wanke fuska. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ba a wurinsa ba. Takalman baƙi ma sai ta jera su daga babba zuwa ƙarami.

Litinin, ƙarfe takwas da rabi na safe

Allah ya gafarta mini, yau da gangan na yi. Na ɗauko hoton ƙololuwa na sa shi tun kafin gada. Na sa wanda suke saukowa a tsakiyar hawa. Na juya ɗaya kansa ƙasa, sai na ga abin ya yi yawa, na gyara.

Babanta yana tsaye a kaina da kofin shayi. Ya ce, "Hajiya, wannan wahala ta mece ce? A duba waya mana, ai kowane hoto da lokacinsa a jiki."

Na ce, "Malam, in ka taɓa wayar nan a kan hotunan nan, kai da shinkafa sai a mafarki."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya ce, "Oho." Ya tafi da shayinsa. Wani lokacin yana da fahimta, sai dai a hankali take isowa.

Talata, ƙarfe shida na yamma

An gyara duka. An kuma bar wata 'yar takarda a kan teburi, da fensir: "Gada, sai matsatsi, sai ruwa." Rubutunta ne, ƙanana, a tsaye.

Rabin faranti yau. Na ninke takardar na sa a jakata.

Laraba, bayan la'asar

Na ɓata komai.

Shugabarsu ta asibiti ta kira ni, tun da Auta ta kashe wayarta. Matar ba ta da laifi, a hankali ta yi magana. Ta ce saura kwana takwas, kuma ba su karɓi bayanin Auta a rubuce ba har yanzu, sauran duk sun kai nasu. Ta ce, "Mama, ki taimaka mata, shirunta ba zai yi mata kyau ba."

Ina ajiye waya na nufi ƙofar na yi ta bugu da tafin hannu. Na ce ta fito. Na ce ban haifi matsoraciya ba. Na ce wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Babanta ne ya janye ni, bai ce kome ba, wannan ya fi faɗa ciwo.

Bakina ya fi ƙafata sauri tun ina budurwa. Na yi nadama.

Alhamis, da yamma

Ba a taɓa hotunan ba. Ba a taɓa farantin ba.

Juma'a, da yamma

Ba a taɓa ba. Na ce ta ƙofa, "Auta, ki yafe mini." Na ji motsin gado, shi ke nan. Yayanta ya kira ya ce zai taho ya yi mata magana, na ce ya zauna inda yake, gidan nan ya ishe mu da masu magana.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Sai na rubuta tun ban manta ba.

Da safe na yi abin da ban taɓa yi wa yadi ba. Na ɗauki shafi guda na jera shi a birkice, ruwa kafin matsatsi, saukowa kafin hawa, na shafa gam na liƙa, na danne da tafin hannu. Na yi wa shafin baki da jan yadi. Na buɗe ƙofar gida na rufe da ƙarfi kamar na tafi shago, na lallaɓa na zauna a kicin a kan buhun shinkafa. Mace mai shekara hamsin da takwas tana laɓe a gidanta.

Kusan awa guda. Sai na ji makulli, na ji takun ƙafa, na ji an ja kujera. Can sai na ji muryar da na yi kwana ashirin da biyu ban ji ba:

"Wa ya liƙa wannan?"

Na fito. Ta rame, gashinta a cukurkuɗe, rigar ranar nan ce har yau a jikinta. Na so in rungume ta, na riƙe kaina, na ce, "Ni ce. Me ya same shi?"

"Mama, duk ba daidai ba ne! Kuma kin sa gam!"

"To ni na hau ne? Ke ma shekara guda ke nan, ta yaya kika tuna?"

Ta ja littafin gabanta. Ta ce, "Ba tunawa na yi ba, ai ga shi nan. Dubi rigar Yaya, a nan bushe take, a nan jiƙe. Mutum ba ya jiƙewa kafin ya kai ruwa. Dubi robar ruwan Baba, a nan cike, a nan ta kusa ƙarewa. Dubi inuwa, a nan tana gabanmu, a nan ta koma baya. Ko wannan, takalmina babu laka, ke nan ba mu ƙetare gada ba tukuna."

Tana magana tana nuni da yatsa, da sauri, kamar Autata ta da. Ni kuwa sai bakin nan nawa ya sake riga ni. Na ce, "Ashe ba sai mutum ya tuna ba."

Yatsanta ya tsaya a kan hoton. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta tashi ta koma ɗaki. Ban ji ƙarar makulli ba, amma ban sani ba ko gyara na yi ko ƙara ɓatawa.

Lahadi, da azahar

Ta yi wanka. Ƙofar a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Ban leƙa ba, Allah ne shaida, sau ɗaya kawai.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Da safe ta fito ta ce, "Mama, ara mini almakashi." Na ba ta na takarda, don ko a wannan hali ba na ba kowa na yadi. Ta ture hotunan gefe guda, ta yanka farar takarda ƙanana-ƙanana, kowacce ta rubuta abu ɗaya. Ta jera su a teburi, tana ɗauke wannan ta kai gaba, ta dawo da wancan baya, tana magana da kanta ƙasa-ƙasa. Na ji ta ce, "Jakar ƙarin ruwan ta kai rabi a lokacin, to ke nan bayan an kawo abincin rana ne." Na ji ta ce, "Safar hannuna ta biyu ce." Ranar Talatar nan take jerawa.

Ban karanta ba. Na zauna a ɗaya gefen ina yanka yadi da ba na bukata. Babanta ya shigo ya ga babu wurin ajiye faranti, ya ce, "Yanzu ofis biyu ke nan." Auta ta yi murmushi, ƙarami, amma na gani, shi ma ya gani. Ya ci abincinsa a tsaye yana ta washe baki.

Ta cinye faranti, ta ce a ƙara.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Takarda talatin da ɗaya. Talatin sun zauna a wurinsu, ɗaya tana hannunta tun safe, ta ƙi ajiyewa.

Ta ce, "Mama, yawanci na yi daidai. Na yi abin da aka koya mana, kuma na kira likita, ga shi nan, kafin ƙarfe biyu. Amma wannan..." Ta juya takardar. "Akwai dubawar da na makara. Kamar minti goma sha biyar. Ina gado na ƙarshe wajen wata tsohuwa. In na sa ta inda take, za su gani."

Zuciyata ta ce in ce ta yaga. Gaskiya ta ce haka, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Na haɗiye, na ce, "Ke da kika tashi daga kwance saboda shafi ɗaya a birkice? Sa ta inda take."

Ta sa. Ta yi kuka, na yi, wannan karon ta bari na riƙe ta. Bayan haka ta ɗauko takarda babba ta kwafe duka a jere, ta kunna wayarta ta kira shugabarsu da kanta.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Gobe ne. Na goge mata kaya sau biyu don in sami abin yi. Ta ce mu ƙarasa littafin, hannunta na son aiki. Ita ke jerawa, ni ke shafa gam. Da muka zo ƙarshe ta ƙirga ta ce, "Saba'in da tara. Ina biyar?"

Na ce na banza ne, suna gwangwani. Ta zazzage, ta ture huɗu, ta ɗago na gangaren nan da babu kowa.

"Wannan za ki zubar? Mama!"

"To mene ne a ciki? Itatuwa ne da duwatsu."

Ta ce in sa tabarau. Ta ɗora farcenta a ƙasan hoton, gefen hagu. Akwai wani ɗigo rawaya, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ce, "Mayafinki ne. Daga can sama na ɗauka. Hanyar tana ta juyawa, amma duk inda muka ɓullo sai in waiwaya in neme ki. A matsatsin nan na ji tsoro ƙwarai, ban faɗa wa kowa ba. Da na fito na hango rawayan nan sai na ce to."

Ni da na ɗauka awa huɗun nan zaman banza na yi da ƙudaje. Na ce mata gam ya shiga mini ido. Ta ce gam ba ya tashi sama.

Alhamis, ƙarfe goma da kwata na safe

Ina rubutu a kan cinya. Ofishin kwamitin a hawa na uku yake, injin hawa benen kuma ya lalace. Na dubi matakalar, gwiwoyina suka dube ni. Akwai benci a ƙasa kusa da mai gadi, na ce ta je, ni ina nan. Babanta ya raka ta har ƙofar ɗakin. Na zo da filas. Mayafin nan rawaya na sa, ta kuwa kalle shi da safe.

A kwana ta biyu ta matakalar ta leƙo ta ƙarfen. Na ɗaga mata hannu.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Awa uku da minti goma. Ta sauko da ƙafarta, idonta ja, kanta a sama. Ta ce ta faɗi duka, har da minti goma sha biyar ɗin, kafin ma su tambaya. Ta ce wata dattijuwa a cikinsu ta karɓi takardarta ta daɗe tana dubawa, ta ce a haɗa da sauran. Sai nan da mako biyu za su aiko da abin da suka yanke. Ba mu san me zai zo ba. Na tambaye ta yaya take ji, ta ce, "Yunwa."

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ta fita sayo burodi, ita kaɗai. Teburi ya koma teburi, babanta ya ci abinci a zaune yana ta sanarwa.

Na buɗe littafin kafin in tafi shago. Shafin nan da na liƙa a birkice ba ta ɓanɓare shi ba. Ta rubuta a ƙasa da farin biro: "An liƙa ba daidai ba, da gangan. Na ga gefen zanenki a ƙofar kicin." Ja'ira.

A shafin ƙarshe hoto ɗaya ne, gangaren nan. Ta zagaye ɗigon da farin biro, ta yi wa hoton baki da guntun yadi rawaya da ban san ta ɗauka ba, kuma daga yadda bakin ya fita sumul na san da almakashina na yadi ta yanka. Za mu yi wannan maganar in ta dawo. A ƙasa, da ƙananan rubutunta, kamar yadda suke rubutawa a katin marar lafiya: "Ƙarfe ɗaya da kwata. An duba. Mama tana nan."